Rasuwar Hajiya A'a, Fankar Ɗakin Zane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mamane Jaje, wanda tsofaffin tashar Ƙonni suka sani da Mamane Mai Fenti, nake sanar da 'yan uwana masu zane na Ƙonni da Illela da Malbaza, da duk wanda ya taɓa zama a ɗakina ya sha shayi, rasuwar Hajiya A'a, fankar ɗakin zanena. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, gab da azahar, a kan gangar da ta saba tsayawa. Ta rasu wuyanta a ƙage, tana duban wuri guda, abin da ba ta taɓa yi ba tana da lafiya. Ta tafi ta bar ni da alkawarin da na ɗaukar wa wata marainiya, cewa zan zana mata fuskar ubanta da ba ta taɓa gani ba. Laraba mai zuwa marainiyar za ta zo karɓa.

Marigayiyar ba haihuwar ƙasar nan ba ce. Wani mai aski na bakin tasha ya taho da ita daga Makka a naɗe cikin bargo, shekarar da ya sauke farali, don haka babu mai musun Hajiyancinta. Koriya ce, irin koren ganyen albasa, da fukafukai uku a cikin kejin waya, da ƙafa guda mai faɗi. Ta yi shekaru tana hure gashi daga wuyan mutane zuwa titi. Da na zana wa mai askin sabon allo, sai ya ce in tafi da ita, don masu zuwa aski sun fara ƙorafi. Mutum zai dubi madubi ya ga kansa ya yi kyau, sai ya hango ta a bayansa tana girgiza kai.

Halinta ke nan har ta koma. In ta juya hagu takan ce ƙyar, in ta dawo dama ta ce tak, a tsakani kuma wani dogon numfashi kamar na mai jin labarin da bai gamsu da shi ba. Ba a taɓa ganin ta gyaɗa wa kowa kai ba.

Na kawo ta gida a lokacin da gwiwoyina suka ƙi hawan tsani. Na yi rayuwata ina zana zakuna da dawisu da jiragen sama a bayan manyan motocin albasa, abin da mai mota yake so, da launin da yake so. Da na sauka, sai na ce saura in zana abin da ni nake so. Akwai wani ɗaki kusa da zaure da muke tara albasa a ciki. Na kwashe, na share, na shafe bango da farar ƙasa, na fasa taga ta arewa, don hasken arewa ba ya yawo da rana. Warin albasar ne kawai ya ƙi fita, har yau duk zanen da ya kwana a ɗakin sai ya ɗauka. Na kafa ƙusoshi na rataye buroshi, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Fenti na zuba a gwangwanayen tumatir na jera a kan katako. Buhunan fulawa na wanke na ɗaure a jikin itace, su ne allunana. Na sami tsohuwar kujerar mota na ajiye wa baƙi. Ita kuwa Hajiya na ɗora ta a kan ganga a tsakiyar ɗaki, yadda in ta juya za ta bi zane-zanen tun daga na farko har na ƙarshe.

Maiɗakina Halima ta yarda da duk wannan bisa sharaɗi. Ta ce ƙafarta ba za ta taka ɗakin da ake yin fuskoki ba, ƙofar kuma ta zauna a rufe, kada ma idonta ya faɗa. Ta riƙe maganarta, ni ma na riƙe. Fura a bakin ƙofa take ajiyewa ta ƙwanƙwasa.

A ɗakin nan na zana ɗan akuya mai kai biyu da aka haifa a Bazaga, na je na gan shi da idona kafin ya mutu. Na zana raƙumin da na gani a bayan mota ana wucewa da shi kasuwa, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar yana karatu. Na zana goribar da ta tsiro ta cikin tsohuwar taya har tayar ta zama mata zobe. Da suka taru, sai na ji ina son wani ya gaya mini ko aiki nake yi ko ɓarnar fenti. Na aika wa masu sana'armu cewa duk Laraba, in sun shigo kasuwa sayen kaya, su biyo a sha shayi. Ɗanbaba ya riƙa zuwa daga Illela, shi ne mai zana allunan masu aski da mahauta, a hannuna ya koyi riƙe buroshi yana yaro, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari. Kabiru yana zuwa daga Malbaza, saurayi ne mai zana fuskoki daga hoton salula. Sai Malama Wasila, mai koya wa yara zane a lakwal, makarantar boko, a nan Ƙonni.

Suka zo, suka duba, suka ce madalla. Laraba ta zagayo suka ce madalla. Na zana abu da gangan a karkace, suka ce madalla, Baba, hannu yana nan. Ban ga laifinsu ba. A garin nan wa zai dubi tsoho a cikin gidansa, yana shan shayinsa, ya ce masa ya yi kuskure? Ni ma ban taɓa yi wa na gaba da ni haka ba. Amma na kan kwanta da madallarsu a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Ran nan ana zafi, na fito da zanen jaki da amalanke. Kowa yana neman yadda zai yaba. Hajiya tana ta ƙyar, tak, ƙyar, tak a gaban jakin. Sai Wasila, idonta a kan tabarma, ta ce, "Baba, Hajiya ta ce jakin ga, ƙafarshi ta baya aro ce."

Ɗanbaba ya ƙware da shayi. Ni kuwa na dubi ƙafar, na ga lallai ta saniya ce. Na juya wajen fankar na ce, "Hajiya, ke da ƙafa guda gare ki, mi kika sani ga ƙafar jaki?" Ta girgiza kai. Washegari na gyara.

Daga ranar ɗakin ya sami alƙali. Duk mai magana ba ya cewa na ce, sai dai Hajiya ta ce. Wanda aka soki aikinsa kuma ba ya duban mai maganar, fankar yake fuskanta ya yi gardamarsa da ita. A bakin Kabiru takan yi kaifi, ta yanke a taƙaice. A bakin Ɗanbaba takan zagaya ta gaida mutanen gida kafin ta iso kan hancin da ya karkace. Ni ma na ari bakinta na gaya wa Kabiru matan da yake zanawa duk fuskarsu guda, sumul kamar an goge da dutsen guga, ya zage ta tas, ya ce tsohuwa ce mai hassada, amma zanensa na gaba akwai ƙuraje a goshi. Ta taɓa ce wa Ɗanbaba ragon da ya zana wa wani mahauci ya fi kama da surukin mahaucin. An yi faɗa da ita har da nuna yatsa, ba a taɓa tashi daga ɗakin wani yana fushi da wani ba.

Ita ce kuma ta fara sanar da ni ciwon idona. Wata Laraba ta ce, ta bakin Wasila, wai gwangwanin kore da na ruwan toka sun yi musayar wuri, don gonar gero ta fito kamar an yi gobara. Gwangwanayen suna inda suke. Ashe yanar ido ce ta fara rufe mini idon hagu, na daman ma yana bin sawu. Ba wanda ya ambaci makanta. Wasila ta ɗaura wa gwangwanin ja zare, ta sa wa kore roba, ta lotsa bakin shuɗi, ta ce Hajiya ce ta yi umarni, don ɗakin ya yi tsari. Tun daga nan da yatsa nake gane launi.

Yanzu sai maganar alkawari. Bayan ɗaukewar ruwan bana wata mata ta yi sallama da goyo a bayanta, ta ce ita ce Ummul Khairi, mai lambu a Badaguishiri, ɗiyar Badamasi. Badamasi abokin tsanina ne, tare muka yi zanen motoci muna samari, shi yana yin jikin zaki ni ina sa idanu. Zazzaɓi ya ɗauke shi tana cikin ciki. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katinsa na shaida, gara ta cinye tun da daɗewa. Uwarta ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, balle ta siffanta shi, bara ita ma ta bi shi. Ummul Khairi ta sauke goyon ta juya mini kansa ta ce, "Baba, dubi kunnuwan yaron ga. Ba na gidanmu ba ne, ba na gidan ubanshi ba. Ina son in gani ko na kakanshi ne."

Na ce mata wannan ƙaramin aiki ne, fuskar Badamasi tana nan a idona. Na sa mata rana. Ta tafi tana sa mini albarka tun daga zaure har titi.

Da na zauna gaban buhu, sai na tarar ba haka ba ne. Dariyarsa tana kunnena. Ina jin warin kananzir a hannun rigarsa, ina ganin hularsa da yake turawa ƙeya in aiki ya yi daɗi. Amma in na nemi abin da ke ƙarƙashin hular, sai ya watse kamar fuska a rijiya an jefa guga. Wuri ɗaya kawai nake ganinsa ya tsaya cik, ranar da na zuba ruwa ana yi masa wankan gawa, idanunsa a rufe. Na ce to, in fara daga nan, in ya so daga baya in buɗe su. Inda na rasa yadda ƙashin kumatu yake tafiya, sai in kai hannun hagu in shafa nawa, in zana da na dama. Haka na yi da goshi, haka na yi da haɓa. Ai ƙashi ƙashi ne, in ji ni a raina. Duk kwanakin nan Hajiya tana bayana tana ƙyar, tak, babu mai fassara mini.

Ciwon ajalinta ya fara ranar Larabar da na yaye ƙyallen da na lulluɓe aikin da shi. Su uku suna zaune a kujerar mota. Hajiya ta juya ta dawo, ta juya ta dawo. Na jira. Ɗanbaba ya zuba ido a cikin kofinsa. Kabiru ya tuna motar Malbaza za ta tashi, ya nemi takalmansa. Na ce, Wasila, mi Hajiya ta ce? Ta ce, "Hajiya ba ta ce komi ba yau, Baba." Tun da aka kafa ɗakin ba a taɓa jin haka ba.

Da suka fita, Hajiya ta je hagu ta ce ƙyar, ta taho za ta koma dama, sai ta tsaya a tsakiya, daidai kan zanen. Fukafukan suna juyawa, wuyan ya ƙi. Na ɗiga mata man keke, na buga ƙeyarta a hankali, na cire waya na mayar. Ta ci gaba da hura iska a fuskar nan guda, buhun yana motsi kamar mai numfashi. Muryarta ta koma wani ƙurrr daga can ciki, irin na maƙogwaro. Ƙadangarun da suke shan sanyi a bayanta suka daina zuwa.

Laraba ta gaba suka dawo, na sake nuna musu. Suka ce madalla. Ɗanbaba ya ƙara da cewa Allah ya ƙara lafiya, Kabiru ya riƙe hannuna da hannu biyu da zai tafi, abin da bai saba ba. Na san irin wannan gaisuwar. Ita ake yi wa wanda aka je dubawa aka fito ana girgiza kai a waje.

Ranar Asabar ƙurrr ɗin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, fukafukan suka riƙa tafiya har ina iya bin guda da ido. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙeyarta, da wari kamar na gashi a wuta. Ta ce tak sau ɗaya, ba tare da ta juya ba. Shi ke nan. Mati mai gyaran rediyo ya zo daga baya ya buɗe ta, ya ce zaren tagullan cikinta ya ƙone ƙurmus, babu abin da za a naɗa. Ya ce tsufa ne da wutar da ake kawowa ana ɗaukewa. Ban yi masa musu ba, shi ya san ƙarfe.

Saboda hayaƙin nan na buɗe ƙofar ɗakin har bango, karo na farko da rana tsaka. Halima ta taho da kwanon fura, ta sunkuya za ta ajiye, ta ɗago. Ban ji ta ƙwanƙwasa ba, ban ji ta tafi ba. Da na waiwaya tana tsaye a bakin ƙofa, kwanon yana hannunta.

"Malam," ta ce, "wanga ba Badamasi ba ne. Kai ne. Ga tabon girarka nan na ƙofar mota. Kuma ka rufe mishi ido."

Na matsa har hancina ya kusa taɓa buhun. Na sa yatsa a girar zanen, na sa ɗaya a tawa. Tabon yana nan, ni na zana shi da hannuna ban sani ba. Abin da su Ɗanbaba suka gani ke nan suka kasa faɗa, ko da bakin fanka. Akwai maganar da ta fi ƙarfin aro. Wa zai ce wa tsoho mai ciwon ido, Baba, ka zana gawarka?

Halima ta ce in shafe shi kafin rana ta faɗi, ko ta kwana gidan ƙanwarta. Na shafe da fari. Da safe tabon girar ya huda farin ya fito. Na ƙara shafawa, ya sake fitowa, da inuwar idanun a ƙarƙashinsa. Ɗanbaba ya ce jan fenti ne, haka yake yi in bai bushe ba aka danne shi. Na sani, ni na koya masa. Duk da haka na juya buhun ya fuskanci bango, kuma na ɗaura sabo.

Na tambayi Halima ko ita tana tuna fuskar Badamasi. Ta ce yaushe za ta kalli abokin mijinta a fuska? Sallamarsa ta sani, da cewa ba ya cin miyar kuɓewa. Na tambayi Ɗanbaba, ya ce a lokacin shi yaron aiki ne, ba ya ɗaga kai gaban manya. Ƙafafun Badamasi zai iya zanawa yanzu-yanzu, har da babban yatsan da farcensa ya tsage. Duk mutanen da suka girmama shi, babu wanda ya dube shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar gangar da ta ɗauke ta shekara da shekaru ba ta koka ba, da doguwar waya mai ɗauri a wuri biyu, da buroshi manya da ƙanana, da gwangwanaye masu zare da roba. Ta bar ɗan akuya mai kai biyu, da raƙumi, da jakin da ta sama wa ƙafarsa ta gaskiya. Ta bar masu zane uku da bakinsu ya mutu tare da nata. Ta bar ni, da farin buhu.

Game da jana'iza, na je wajen liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ya kuma daɗe yana dubana. Don haka babu salla, babu sadakar uku. Za a yi zaman makoki ranar Laraba tun da hantsi, a gidana da ke bayan tasha, mai itacen bedi, wato dogon yaro, a ƙofa. Gawar za ta kasance a kan gangarta tana fuskantar sabon buhun.

Ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi ya karanta wa tsofaffin da ba su karatu. Ina neman tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da masu lodin albasa na Ƙonni da Galmi da Badaguishiri. Ina neman wanda ya taɓa faɗa da Badamasi har suka tsaya ido cikin ido, da wanzamin da ya yi masa aski, da mai furar tasha da yake tsokana, in tana raye. Ba sai mutum ya tuna duka ba. Mai hanci ya kawo hanci, mai wushirya ya kawo wushirya. Wanda ya san kunnuwan, don Allah ko a amalanke a ɗauko shi.

Ni zan zauna na ba ƙofa baya, buroshi a hannu, ba zan waiwaya in ga mai magana ba. A gaya wa Hajiya, zan ji. Mati ya kwance mata wuya, yanzu in an kama da hannu yana juyawa, har yana ƙyar ɗinsa. Duk wanda ya ga na kauce, ya miƙa hannu ya juya ta. Wasila da Kabiru da Ɗanbaba, wannan da ku nake.

In an tashi, za a haƙa mata a bayan ɗakin, ƙarƙashin tagar arewa, a naɗe cikin buhun da na juya wa bango, su tafi tare. In kuwa ba wanda ya zo, zan tari Ummul Khairi a zaure in gaya mata da bakina cewa na ɓatar da fuskar ubanta, ta koma da ɗanta da kunnuwansa yadda suka zo.

Motar Badaguishiri takan iso bayan la'asar. A zo da wuri. Fenti yana son lokaci kafin ya bushe, kuma yanzu babu mai hura masa iska.

Mai sanarwa,
Mamane Jaje Mai Fenti, Birnin Ƙonni.